Askin Baba na Ranar Asabar

Ni na koya wa Auta riƙe reza. A fara da wannan, don in labari ya yi nisa kada wani ya manta. Bayan ya gama yawace-yawacensa, ya yi kwandastan mota ya bari, ya sayar da katin waya ya bari, ya shiga walda ido ya yi masa ciwo ya gudo, ni na kafa masa kujera ta biyu a shagon askin da Babanmu ya bar mini. Kawunan da ya ɓata a watanninsa na farko, ni na bi su ina gyarawa ina ba mutane haƙuri.

Shagon ɗaki ɗaya ne a bakin titi, madubi biyu, benci ɗaya, da wata fanka mai kuka kamar za ta faɗo. A hannun dama akwai mai sayar da magani, a tsallaken titi kuma mai facin taya. Kujerata ce ta kusa da ƙofa, kuma duk wanda ya san aski a unguwar nan ita yake jira, ko da ta Auta babu kowa a kai.

A coci ma haka abin yake. Ni dattijon coci ne. Ni nake buɗe ƙofa ran Lahadi, ni nake jera benci, in fasto ya yi tafiya ni ake ba addu'ar rufewa, kuma ba yabon kai ba, in na yi addu'a har hawaye mata suke sharewa. Auta fa? Bencin baya, gefen taga. Wa'azi bai kai rabi ba ya fara gyangyaɗi. In an tashi ka tambaye shi me aka ce yau, sai ya yi dariya ya ce, "Yaya, an ce mu yi kirki."

Baba yana gidana tun da ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ɗakinsa na baya ne, mai taga ɗaya da ke kallon igiyar shanya. Matata ke ba shi abinci da magani, yarana ke fitar da shi shan iska, amma aski nawa ne. Kowace Asabar da yamma nakan bar shago da wuri, in ɗauki 'yar jakata in nufi gida. Ya daɗe bai taka coci ba, amma ya ce ba zai tari ranar Ubangiji da fuska kamar buroshi ba. Baba ba mai yabo ba ne. Shekara da shekaru ya yi yana aski kafin ni, komai ka yi sai ya hango inda ka rage. Amma in na ɗora masa tawul, ya ɗaga haɓa ya rufe ido, nakan san cewa akwai abu ɗaya a duniya da ya yarda da ni a kansa. Ba na haɗa wannan askin da komai.

Sai wannan masifa ta shigo gari. Ba zan ce su wane ne ba, don har yau kowa da irin nasa labarin. Abin da muka sani dai, rana tsaka sai ka ji harbi, kafin ka ce me an ja ƙofofin shaguna, mata suna gudu makaranta ɗauko yara. Aka kafa shingaye a manyan hanyoyi. Waya ma ta zama abin tsoro, kowa sai ya turo maka hoton da zai hana ka cin abinci.

Wata Talata ina cikin yi wa wani malamin makaranta gyaran fuska, kumfa har kunne, aka buɗe wuta a mahaɗar titinmu. Sai tsintar kaina na yi a ƙasa, ƙarƙashin madubi, rezar tana hannuna. Ta ƙofa ina hango mai facin taya. Da safiyar ranar ya ɗago mini hannu yana tsokanata, wai ni ma kaina yana neman mai aski. Na ga ya miƙe zai ja ƙofarsa, sai ya zauna a kan tayoyin, daga nan ya kwanta. Bai sake tashi ba.

Tun daga ranar hannuna ya ƙi ni. Abin haushin, ba kullum yake rawa ba. In ci abinci lafiya, in ɗaura igiyar takalmi lafiya. Ko kilifa, injin aski mai aiki da wuta, na ɗauka ba mai ganewa, don ita kanta kilifar rawa take yi, sai ta rufa mini asiri. Amma in ɗauki reza in kai ta kusa da fatar mutum, shi ke nan, sai yatsun su fara kaɗawa kamar ba nawa ba.

Mutane kuwa ba makafi ba ne. Sai mutum ya zauna a kujerata in yi masa kilifa, da na miƙa hannu wajen reza sai ka ji ya ce, "Dattijo, bar shi haka, kada in gajiyar da kai. Bari Auta ya ɗan gyara mini bakin." Kada ka gajiyar da ni! Shekarun da na yi ina kankare maka ƙeya ban gaji ba sai yau? Wuta kuma ta koma ɗaukewa, man janareto ya yi wuya. Ranar da babu kilifa sai in wuni a zaune a kan kujerar tawa, ina kallon mutane sun cika benci suna jiran ƙanena.

Shi kuwa kamar ba a garin yake ba. Ranar harbin yana cikin shagon, ya ga abin da na gani, shi ma ya tsallaka titi ya rufe mamacin da tawul ɗinmu. Washegari ya zo ya share gaban shago, ya wanke kayan aiki, yana 'yar waƙarsa ta coci ƙasa-ƙasa, wadda ko baitin farko bai iya daidai ba. Hannunsa tsaf. In ya ja layi a goshin mutum sai ka ce da rula ya auna. Da rana ya cinye abincinsa tas, ya jingina da bango ya yi barci har da minshari. Ni kuwa ina zaune ina kallon bakinsa a hangame, wani abu yana cin ƙirjina. Kishi ne, ba sai an faɗa mini ba. Ban taɓa kishin gidan wani ko motar wani ba, sai ga ni da furfurata ina kishin barcin ƙanena.

Kada wani ya ce ban nemi Allah ba. Na yi azumi. Na durƙusa har gwiwoyina suka yi kanta. Ran Lahadi na tsaya gaban 'yan tsirarun da suka iya fitowa, na ce musu kada kowa ya ji tsoro, Yesu yana tare da mu a cikin wannan hali. Na faɗa da ƙarfi, muryata har waje. Wata tsohuwa ta kama ni a bakin ƙofa ta ce, "Dattijo, ka ƙarfafa mu yau." Na ce mata mu gode wa Ubangiji. Duk tsawon maganar hannuna na dama yana cikin aljihu.

Asabar ɗin da abin ya lalace, na shiga ɗakin Baba kamar kullum. Na jiƙa tawul da ruwan ɗumi, na shafa masa kumfa, na sa sabuwar reza. Na danne wuyan hannun dama da hannun hagu, ina tafiya a hankali, har na gama kunci ɗaya. Ina gangarawa ƙasan kunne iska ta buga ƙofar ƙarfen maƙwabtanmu, gam! Ban san lokacin da rezar ta shiga ba. Yankan ba wani babba ba ne, amma likita ya ɗora Baba a kan wani magani mai tsinka jini, ko ƙaya ta soke shi sai an sha fama. Jini ya bi wuya ya sauka a tawul. Na kira matata ta zo da auduga, ta danna ta yi ta dannawa, audugar tana rinewa tana canza wata. Idon Baba yana kan hannuna.

Da jinin ya tsaya ina tattara kaya, sai ya kira ni da sunan da yake kirana tun ina yaro.

"Babba."

"Na'am, Baba."

"Ka ce wa Auta ya zo Asabar mai zuwa. Shi zai yi."

"Baba, ƙofar maƙwabta ce ta buga. Tsautsayi ne kawai."

"Na ji. Ka ce masa ya zo."

A tsakar gida matata ta tare ni tana wanke hannu. Ta ce, "Baban yara, ka bar shi ya yi mana. Ba ƙaninka ba ne? Kafin hannun naka ya warware."

Na ce, "Ke kuma wa ya sa da ke? Wa ya ce miki hannuna yana da wani abu?"

Ta dube ni, ta dubi audugar da ke cikin kwandon shara, ta wuce kicin.

Ban faɗa wa Auta ba. Litinin na ce sai gobe, Talata na ce ai da sauran lokaci. Gidansa yana can bayan babbar gada, kuma tun da aka kafa shingaye da ya rufe kujerarsa yake wucewa kafin a tare hanya, coci ma ya koma wata ƙarama kusa da su. Baba ba ya jin magana ta waya. Duk abin da zai shiga tsakaninsu sai ya bi ta kaina. Kullum da safe Auta zai ce, "Yaya, ya jikin Baba?" In ce da sauƙi. Ya ce a gaishe shi, in ce zai ji.

Asabar ta zo, na shiga ɗakin da jakata. Na ce Auta ya ce hanya ba kyau, sai an ga yadda gari ya yi. Na fara zuge jakar, a raina ina cewa dole ya haƙura da ni tunda gobe Lahadi.

Baba ya ce, "Bar shi. Zan jira."

Zan jira! Mutumin da tun da na yi wayo ban taɓa ganin Lahadi ta same shi da gashi a fuska ba, ya gwammace ya zauna haka da in taɓa shi. Na zuge jakata na fita, ranar ko abincin yamma ban ci ba.

Haka muka yi ta yi. Kowace Asabar da ƙaryar da nake kawowa, yau an ƙara shinge, gobe 'yar Auta ba lafiya. Gemu ya fito wa Baba fari fat, ya cika kumatu, abinci yana maƙalewa a ciki, yana ta susa da hannun hagu. Inda na yanke shi ya warke ya ɓace a cikin gashin. In na shiga gaishe shi ba na iya kallon fuskar, sai in tsaya ina gyara labule ina tambayarsa ko ya sha magani. Ya daina tambayar Auta ma. Matata ta fara yi mini wani irin kallo.

A shago kuma na sa Auta a gaba. Ni dai so nake in ga hannun nan ya yi rawa ko sau ɗaya, in san ba ni kaɗai ba ne. In ya ɗauki reza sai in ɗauko waya in fara karanta labarai da ƙarfi, an ƙone nan, an kwashe mutane a can. Masu jira su yi ta salati, shi kuwa sai ya ce, "Allah ya kyauta," ya ci gaba da kankararsa. Wata rana yana tsakiyar gyara wa wani direba gashin baki, na saki kwanon ƙarfen da muke jiƙa tawul a bayansa. Da gangan na yi. Ya zabura, na gani da idona, kafaɗunsa suka ɗaga. Amma rezar ta riga ta bar fatar mutumin. Ya ce, "Yesu!" ya sauke numfashi, sannan ya fashe da dariya.

"Haba Yaya, za ka kashe mu tun kafin su iso?"

Ya koma kan aikinsa, layin ya fita sumul. Direban ma har da cewa hannun yaron nan akwai albarka.

Sai na ce to lallai wani abu yake sha. Na shiga wurin mai magani kamar zan sayi na ciwon kai, na zagaya na zagaya, na ce mata ko ƙanena yana zuwa sayen wani abu mai kwantar da jiki. Ta yi dariya har da dafa kanta.

"Auta? Maganin gudawa kawai yake saya, Dattijo. Tun ranar da aka kashe mai faci kusan kullum sai ya zo."

Allah ya gafarta mini, daɗi na ji. Na jira har shago ya zama ba kowa, yana kaɗe gashi daga kujerarsa, na ce, "Ashe kai ma kana jin tsoro."

"Haba Yaya, ni dutse ne? Cikina tun ranar bai zauna ba."

"To hannunka fa?"

Ya dubi hannun kamar yau ya fara ganinsa. "Oho, ban sani ba. Ni dai in zan fito da safe nakan ce wa Yesu ga ni nan, ga matata, ga 'yata. In ya so mu sake haɗuwa da yamma, to. In bai so ba, ai muna wurinsa dai ko ta ina. Daga nan sai in ji abin ya sauka daga wuyana ya koma ciki. Ciki kuwa ba da shi nake aski ba."

Ka ji fa! Mutumin da ko addu'ar cin abinci aka ba shi sai ya yi tuntuɓe, shi aka ba salama a arha haka. Ni da na ƙare ƙuruciyata ina jera benci, aka bar ni da hannu a aljihu. Ranar na ji haushin Auta, kuma in faɗi gaskiya, na ji haushin Wanda ya ba shi.

Wata Asabar da hantsi harbi ya tashi ta wajen gada, wannan karon ba irin na tsaya-ka-ji ba ne, ya ƙi ƙarewa. Muka ja ƙofa muka zauna a ciki. Auta ya kira matarsa, ta ce suna gida lafiya ita da 'yar, amma an rufe gadar gaba ɗaya, kada ya kuskura ya taho. Ya kashe wayar ya dube ni.

"Yaya, yau a gidanka zan fake. Na ma ga Baba, na kwana biyu ban gan shi ba."

Gabana ya faɗi fiye da yadda harbin ya faɗar da shi. Na ce ko zai zauna a shagon, ƙofar ai mai ƙarfi ce. Ya ce wace irin magana ce wannan. Na ce gidan a cike yake. Ya ce ko a ƙasa ya kwanta. Na rataya jakata kamar kowace Asabar, muka fita ta lungun baya, muna bin gefen katanga, in mun ji ƙara mu tsuguna. Ko'ina shiru, ƙofofi a rufe, wani ya bar kekensa kwance a tsakiyar hanya. Ni kuma duk tsawon tafiyar ba harsashi nake tunani ba, gemun Baba nake tunani.

Matata ta buɗe mana ƙofa. Da ta ga Auta ta ce, "Oyoyo Baffan yara! Sai yau hanya ta yi kyau?"

Ya ce, "Yau ai ta fi kullum lalacewa, Anti." Ya cire takalmi ya wuce ɗakin baya kai tsaye, ina binsa kamar wanda za a kai gaban alƙali.

Yana shiga ya tsaya cak. "Kai! Baba, wa ya mayar da kai haka?"

Baba ya ɗago ido. "Kai nake jira. Yayanka ya ce hanya ta hana ka."

Auta ya juyo ya dube ni. Na ga ya gane, na ga abin ya taɓa shi, har leɓensa ya motsa. Na tsaya ina jira ya tona ni. So nake ma ya yi, ya ɗaga murya, ya zage ni a gaban Baba, in samu abin da zan riƙe a kansa. Sai ya durƙusa a gefen gado ya kama hannun Baba.

"Ga ni na zo, Baba. Sannu da jira."

Wannan ya fi zagi ciwo. Ko a nan ma sai da ya fi ni.

Na ɗauko jakar na jefa a kan gado. Na ce, "Ga kaya nan." Na juya zan fita.

Baba ya ce, "Ina za ka? Wa zai riƙe ruwa?"

Haka na tsaya da roba cike da ruwan ɗumi a hannu, ni mai shago, kamar wanda ya zo koyon aiki jiya. Matata ta tara yara a ƙasa a lungun da ke bakin ɗakin, nesa da tagogi. Auta ya fara da almakashi, ya rage gemun, farin gashi yana zuba a kan tawul. Ya gasa fuskar, ya shafa kumfa, ya sa reza. A waje harbin yana matsowa, wani ka ji shi kamar a bayan katangarmu. Ruwan da ke hannuna yana ta tangal-tangal yana zuba a wandona. Ina jin ƙarar rezar a kan fatar Baba, ƙar, ƙar, ba gaggawa, kuma duk jan da ya yi sai in ji kamar daga jikina ake cire wani abu.

Aka saki wata ƙara da ta girgiza taga. 'Yar ƙaramarmu ta fashe da kuka. Auta ya ɗaga rezar ya tsaya.

Baba ya ce, "Babba, yi mana addu'a."

Na ce a raina, to, ko ba komai wannan kam nawa ne. Na rufe ido, na gyara murya. Na ce, "Ya Ubangiji." Na jira sauran su zo, manyan kalmomin nan da suke zubo mini ran Lahadi ba tare da na nema ba. Ko ɗaya ba ta zo ba. Na sake cewa, "Ya Ubangiji." Sai na ji bakina ya ce, "Ina kishin Auta."

Har kukan yarinyar ya tsaya.

Baba ya ce, "Amin."

Na buɗe ido da fushi. "Baba, ba a cewa amin a nan."

"Gaskiya ce, me zai hana? Ci gaba."

Na sake rufe ido, don ba zan iya kallon kowa ba. "Ban faɗa masa saƙon Baba ba. Ƙarya na yi ta yi."

"Amin."

"Ina jin tsoro. Ina tsoron mutanen nan, ina tsoron hannuna, ina tsoron a ce ba ni da sauran amfani a gidan nan. Na tsaya a gidanka na ce wa mutane kada su ji tsoro, alhali ni ne na fi kowa. Na gaji, Yesu. Ka karɓa, ni na kasa."

Daga nan kuka ya ƙwace mini, irin wanda rabona da shi tun rasuwar Mamanmu. Na ji Auta ya ce amin a hankali, na ji matata ma ta ce daga bakin ƙofa.

A waje babu abin da ya canza, suna ta yi. Amma na ja numfashi na ji ya sauka har ƙasan cikina, abin da rabona da shi tun ranar mai faci. Kafaɗuna suka saki. Na ji ba ni nake riƙe da gidan nan ba, ba ni nake riƙe da ran kowa a cikinsa ba, kuma Mai riƙewar bai kore ni ba duk da abin da na faɗa masa.

Baba ya ce, "Ba yankan ne ya dame ni ba, Babba. Ni ma na yanki mutane. Amma duk lokacin da ka taɓa fuskata sai in ji tsoronka yana shiga jikina, in na tambaye ka kuma ka ce lafiya lau. Wannan ne na gaji da ji."

Na share fuska da kafaɗa. Na dubi hannuna, yana nan yana rawarsa. Duk da haka zuciyata ta ɗan ɗaga, na ce yanzu zai ce Auta ya miƙo mini rezar in ƙarasa, ko da ja ɗaya ne. Na ma fara neman inda zan goge hannu.

Ya ce, "Ajiye ruwan nan kafin ka jiƙa mini katifa. Zo ka tallafe mini kai, wuyana ya gaji. Auta, ƙarasa aikinka."

Na ajiye robar. Na hau gadon na zauna a bayansa, na sa hannu biyu na tallafe kan. Hannuwana suna rawa, kan yana rawa tare da su.

Auta ya ce, "Yaya, jingina shi da ƙirjinka."

Na jingina shi. Kan ba nauyi, sai ƙanshin sabulu. Auta ya sunkuya ya ci gaba, kuma kafin ya gama kunci na biyu numfashin Baba ya canza, barci ya ɗauke shi a jikina, ana ta harbi a waje. Ban motsa ba. Ina kallo Auta ya bi ƙasan kunne ya zagaye tabon ba tare da ya taɓa shi ba, ya goge sauran kumfar, ya ja baya yana dubawa.

Aski ne mai kyau, ya fi nawa, ko a lokacin da hannuna yake lafiya. Na leƙa sosai ko zan ga inda ya bar gashi ko ɗaya, ban samu ba. Na ji haushi, na faɗa wa Ubangiji hakan ma, sannan na gyara wa Baba kai a ƙirjina don kada ya farka.